Zanen aro ba ya rufe katara: Maraɗi da wutar maƙwabta

A farkon watan Agusta na shekarar 2023, kwanaki kaɗan bayan juyin mulkin 26 ga Yuli da takunkumin da ƙungiyar CEDEAO ta ƙaƙaba wa Nijar, Najeriya ta katse wutar lantarkin da take sayar wa ƙasar. A lokacin, kusan kashi 70 cikin ɗari na wutar da kamfanin NIGELEC yake rabawa daga can take fitowa. Maraɗi da Damagaram suna rataye ne ga layin da ya taso daga Katsina ya biyo ta Gazawa tun shekarun 1990, kamar yadda Yamai take rataye ga na Birnin Kebbi tun 1976. Da aka kashe maɓalli a wancan gefen iyaka, sai mai walda ya ajiye ƙarfe, mai injin niƙa ya rufe shago, mai ƙanƙara ta ga jarinta ya narke, ɗakunan shan magani suka shiga fargabar alluran da ba su jure zafi. An ɗage takunkumin a watan Fabrairu na 2024, wuta ta dawo a watan Maris, aka yi hamdala. Abin takaici shi ne yadda mutane da dama suka ɗauki wannan lamari tamkar hadari da ya taso ya wuce, alhali darasi ne da aka rubuta da manyan baƙaƙe.

Tun daga wancan lokaci, duk inda aka tada zancen makamashi, a dandalin shan shayi ko a ɗakin malamai, ana jin murya iri biyu. Ta farko tana ɗora laifi kacokam ga maƙwabci: shi ya ci amana, shi ya yanke wuta. Ta biyu tana ba da haƙuri: a jira madatsar ruwa ta Kandaji, a jira gawayin Salkadamna, a jira tashar nukiliya, ranar da waɗannan suka kammala duhu ya ƙare. Muryoyin biyu suna da abu guda da ya haɗa su, wato kowace tana ɗauke wa mai ita nauyin yin wani abu yau. Wannan rubutu yana jayayya da su duka, yana kuma cewa tsaron makamashin Maraɗi yana farawa ne daga abu biyu da aka raina: tsimin wutar da ake da ita, da cin moriyar rana da itatuwan da Allah ya hore wa jihar.

Masu ɗora laifi ga maƙwabci suna da gaskiyarsu, domin katse wuta ga asibiti da makaranta saboda rikicin siyasa ba abin yabo ba ne, kuma talaka ne ya sha wuyarsa. Sai dai wanda ya kwashe shekara arba'in da ƴan kai yana ɗaura zanen aro bai kamata ya yi mamaki ba ranar da mai zane ya miƙo hannu. Wutar Najeriya ta zo da araha, arahar kuwa ta sa barci. Gwamnatoci sun zo sun wuce, na soja da na farar hula, kowace ta ga sayen wuta ya fi gina tasha sauƙi. Ko babu takunkumi, Najeriya ƙasa ce da wutarta ba ta ishe ta ba. Katsina da Kano kansu suna kwana cikin duhu, kuma layin ƙasar yakan faɗi gaba ɗaya sau da yawa a shekara. Mai jiran tuwo daga gidan da yaransa ba su ƙoshi ba ya san irin rabon da zai samu.

Haka zancen yake ga man fetur. Shekara da shekaru Maraɗi tana tafiya da man ƴan ruwa-ruwa, wanda ake shigowa da shi ta ɓarauniyar hanya a jera cikin kwalabe a bakin titi. Araharsa ta samo asali ne daga tallafin da gwamnatin Najeriya take zubawa don jama'arta. Da shugaba Bola Tinubu ya janye tallafin ranar 29 ga Mayu 2023, kwalba ta yi tsada, jama'a suka koma gidajen mai, matatar SORAZ ta Damagaram, wadda aka buɗe a 2011 da ƙarfin ganga 20,000 a rana, ta ga buƙatar da ba ta saba gani ba. A watan Maris na 2025 dogayen layukan motoci da babura suka cika gidajen mai a ƙasar da take fitar da ɗanyen mai zuwa gaɓar teku ta bututu tun 2024. Ashe wani ɓangare na sufurin ƙasa, shi ma, a kan aron yake tsaye.

Akwai abin lura a tarihin wannan kwari. Sarakunan Katsina da jihadi ya fitar daga birninsu su suka kafa Maraɗi a farkon ƙarni na 19, Gobirawa kuma bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808 suka zo suka kafa Tibiri a shekarun 1830. Garuruwan biyu sun tsaya da ƙafafunsu a bakin Gulbi saboda sun ƙi a riƙe musu wuya. Yau jikokinsu suna bikin wannan tarihi da kalangu da algaita, amma fitilar da ke haska dandalin bikin daga Katsina ake kunna ta. Ba gaba ake nema da Katsina ba, dangi ne na jini da aure da kasuwa, kuma cinikin wuta tsakanin ƙasashe abu ne mai kyau da duniya duka take yi. Bambanci yana tsakanin mai saye don ya ga riba da mai saye don ba shi da zaɓi. Diyaucin da ake ta ambato a kan allunan titi ba ya cika sai gari ya iya haska asibitinsa ya ɗago ruwan shansa ko da an rufe iyaka.

Sai masu ba da haƙuri. Babu mai hankalin da zai ƙi madatsar Kandaji. Megawat 130 da ake sa rai daga gare ta da ban ruwan dubban hekta alheri ne. Amma an aza tubalinta tun 2008 a zamanin shugaba Tandja Mamadou, bayan an yi shekaru talatin ana maganarta, kuma yaron da aka haifa a shekarar tubalin ya isa zana jarrabawar bakaloriya bai ga wutarta ba. Tana yammacin ƙasa, a jihar Tillaberi, ɗaruruwan kilomita daga Maraɗi, a yankin da matsalar tsaro ta addaba. Gawayin Salkadamna na jihar Tawa shi ma ya daɗe a bakin masu jawabi. Tashar nukiliya kuwa, wadda aka sa hannu kan takardar fahimtar juna game da ita da kamfanin Rosatom na Rasha a 2025, aiki ne na shekara goma ko fiye ko a ƙasashen da suka ƙware, yana neman ruwa mai yawa da dukiya mai yawa da layukan da za su iya ɗaukar ƙarfinta. Hangen Dala ba shiga birni ba. Ƙasar da ta fara haƙo uraniyom a Arlit tun 1971, ya haska biranen Faransa rabin ƙarni, alhali kusan mutum ɗaya ne kawai cikin biyar na jama'arta yake da lantarki, ta isa ta san cewa arzikin da ke ƙarƙashin ƙasa ba ya zama haske a ɗaki da kansa.

Illar jiran manyan ayyuka ita ce yana sa a raina ƙananan da ke hannu. Da an ambaci tsimin wuta sai wani ya yi dariya ya ce: wanda bai samu ba me zai tsimanta? Wannan magana tana da daɗin ji, amma lissafi ya ƙaryata ta. Tsohon ƙwan fitila mai zare yana cin wat 60. Sabon ƙwai na zamani mai haske daidai da nasa yana cin kimanin wat 9. A ƙaddara gida dubu goma, kowane da ƙwai biyar, sun sauya tsoho da sabo: an rage wa layi nauyin megawat biyu da rabi a daidai lokacin magariba da buƙata ta fi yawa, wato fiye da sulusin ƙarfin tashar hasken rana ta Malbaza mai megawat 7 da aka buɗe a 2018, ba tare da an aza bulo ko ɗaya ba. Na'urar sanyaya ɗaki guda ɗaya tana shan wutar da ta isa ƙwai ɗari na zamani. Duk ofishin da aka tashi aiki aka bar na'urarsa tana huci har safe, ƙofa a buɗe, ya cinye hasken unguwa guda. Tsofaffin firji da injinan da Turai ta yar, ake jibgewa a kasuwa da sunan araha, suna cin ninkin abin da sababbi suke ci, mai gida ya biya a takardar wuta, gari ya biya da ɗaukewar wuta. Wanda tulunsa ke yoyo, kafin ya nemi ƙarin rijiya sai ya fara liƙe tulun.

Bahaushe bai taɓa ɗaukar tsimi a matsayin talauci ba. Mai gidan da ya san yawan damin da ke rumbunsa, ya auna abin da za a fitar kowace safiya don ya kai iyalinsa ga kaka, shi ake kira magidanci. Wanda ya buɗe rumbu ya bar shi ga kaji shi ake kira wawa. Abin mamaki ne a ce al'ummar da ta gina rayuwarta kan rumbu da tanadi ita ce za ta ɗauki ɓarnar wuta alamar wayewa. Har ginin gidaje ya shiga wannan ruɗu. An bar katangar ƙasa mai kauri da soro da zaure da inuwar darbejiya, an koma bulon siminti da rufin kwano, ɗaki ya zama tanda a watan Afrilu da Mayu lokacin da zafi ke haura digiri 40, sannan a nemi lantarki ya gyara abin da magini ya ɓata. Ajin makaranta mai rufin kwano ba silin, ɗalibai saba'in a ciki, kowane malami ya san yadda darasin ƙarfe goma sha biyu yake kasancewa. Alhali masallacin Yama na jihar Tawa, wanda magini Falke Barmu ya gina da ƙasa, ya ci lambar Aga Khan ta gine-gine a 1986, kuma Mariam Kamara ta nuna a Dandaji a 2018 cewa tubalin ƙasa yana iya ɗaukar masallaci da ɗakin karatu na zamani. Duniya ta yaba, gida ya kau da kai.

Game da rana kuwa, jihar Maraɗi tana da hakki na musamman da ta yi sakaci da shi. A Tasawa aka haifi Abdou Moumouni Dioffo a 1929, masanin kimiyyar lissafi da yanayin halitta wanda ya shugabanci ofishin makamashin rana na ƙasa, ONERSOL, daga 1969 zuwa tsakiyar shekarun 1980. Tun ana ganin abin kamar tatsuniya, shi da abokan aikinsa suke ƙera tukunyar dafa ruwa da murhu da injin ɗago ruwa masu aiki da zafin rana, a Yamai, da hannun ƴan ƙasa. Ya rasu a 1991, aka raɗa wa jami'ar Yamai sunansa, aka rataye hotonsa, aka bar aikinsa ya yi ƙura. Nijar ta riga ƙasashe da yawa farkawa, sannan ta koma barci, har Burkina Faso ta buɗe tashar Zagtuli mai megawat 33 a 2017, Maroko ta buɗe ta Warzazat a 2016. Da tashar Goru Banda mai megawat 30 ta fara aiki a 2023, cikin tsakiyar takunkumi, mutanen Yamai sun ji sauƙin da ta kawo da rana. Wannan kaɗai ya isa hujja.

Masu suka suna da tambayoyi uku, kuma sun cancanci amsa. Suna cewa rana ba ta fitowa da dare. Gaskiya ne, batir yana da tsada kuma zafi yana rage masa kwana. Shi ya sa ba wanda ya ce a tsinke layin Katsina ko a sayar da injinan gazuwal. Amma babban rabon aikin gari da rana ake yin sa: makaranta, ofis, kasuwa, niƙa, walda, ɗinki, ban ruwa, kuma a daidai lokacin da zafi ya fi tsanani rana ta fi bayarwa. Duk litar gazuwal da ba a ƙona da rana ba tana nan don dare. Suna cewa ƙurar hunturu tana rufe allunan. Gaskiya ne, maganinta kuwa tsumma ne da ɗan ruwa da mutum mai kula, wato aikin yi ga matasa. Suna cewa kayan ba su da ƙarko. A nan laifin na kasuwa ne da aka bari ba mai duba ta, inda ake sayar wa baƙauye allo na jabu da batir da ya gaji, ya yi wata shida ya mutu, ya rantse ba zai ƙara ba. Farashin allunan hasken rana ya faɗi da kusan kashi 90 cikin ɗari tsakanin 2010 da 2020. Abin da ya rage tsada shi ne rashin masani da rashin mai tsawatawa.

Jiratawa ita ce misalin da ya fi fitowa fili. An shimfiɗa filin noman rani na can a farkon shekarun 1980, sama da hekta 500 ƙarƙashin kulawar ofishin ONAHA, ana ɗago ruwa daga rijiyoyin burtsatse da famfunan lantarki. Daga nan zogale da albasa da tumatir da barkono suke cika kasuwannin Maraɗi. Kuɗin wuta na cikin manyan nauyin da ke kan manoman ƙungiyar, kuma ranar da wuta ta ɗauke a tsakiyar bazara shuka ba ta san uzuri ba. Gulbin Maraɗi kansa daga ƙasar Katsina yake gangarowa, kuma tun da aka gina madatsar Jibiya ruwansa ya ragu. Manomin Jiratawa ke nan, ruwansa na sama da wutarsa duka a hannun wani. Alhali babu aikin da ya dace da rana kamar ban ruwa: a ɗago da hantsi a zuba a tafki ko tanki, a saki da yamma, ruwan da aka tara shi ne batir. Sharaɗi guda ne, kuma mai nauyi: ruwan da ba a biya kuɗin ɗagowa ba yana saurin zama abin wasa, ƙasa kuwa ba teku ba ce. Famfon rana ba tare da ma'auni da doka tsakanin manoma ba zai iya ƙafar da rijiya. Tsimin wuta da tsimin ruwa tare suke tafiya, a Jiratawa da fadamar Tibiri baki ɗaya.

Akwai kuma makamashin da masu jawabi ba su cika ambata ba saboda ba maza ke wahalarsa ba. Gida tara cikin goma a Nijar da icce yake girki. Wutar da ta fi kowace yawa a ƙasar nan ba a waya take ba, tana ƙarƙashin tukunya tsakanin duwatsu uku, inda mafi yawan zafin yake tsere wa tukunyar ya bar wa mai girki hayaƙi a ido da ƙirji. Motocin icce da amalanke da ke shigowa Maraɗi daga dajin Baban Rafi su ne bututun man talaka. A wannan gari ne aka yi babban taron ƙasa kan yaƙi da hamada a watan Mayu na 1984, zamanin Seyni Kountché, wanda ya haifi Alkawarin Maraɗi. A karkarar wannan jiha ne kuma, daga shekarun 1980, manoma suka rungumi dabarar sassabe mai barin tsiron kututture ya girma a gona, har masu bincike suka ƙiyasta an farfaɗo da hekta miliyan 5 da itatuwa kimanin miliyan 200 a kudancin ƙasar. Babu kamfanin waje da ya dasa su, babu bashin da aka ci. Manomi ne da wuƙarsa da tabbacin cewa iccen da ya raina nasa ne. Wannan shi ne aikin makamashi mai sabuntuwa mafi girma da Nijar ta taɓa yi, kuma ba a kiran sa da sunansa. Murhun Mai Sauƙi da maƙeran gida suke yi tun shekarun 1980 yana rage cin icce, gaz ɗin SORAZ yana nan. Abin da ya hana su shiga kowane gida shi ne kuɗin tukunyar farko da yankewar gaz a kasuwa, kuma waɗannan matsaloli ne da hukuma take iya warwarewa in ta ɗauki madafa da muhimmancin da take ba ofis.

Abin da ake nema ba ya wuce ƙarfin jiha. Asibitoci da gidajen haihuwa da tashoshin ruwan sha na Maraɗi da Tibiri su samu allunan rana da batir nasu, yadda ko layi ya faɗi ba za su faɗi tare da shi ba. Kwastan da ma'aikatar kasuwanci su hana shigowar ƙwan fitila da firji da alluna marasa inganci. Kowane ofishin gwamnati a liƙa takardar wutarsa ta wata a bakin ƙofa, shugabansa ya amsa tambaya in ta haura. Sabon aji ko ɗakin shan magani kada a karɓe shi daga hannun ɗan kwangila sai da silin da tagogi masu shan iska da itatuwa a harabarsa. Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo da makarantun koyon sana'a su yaye masu haɗawa da gyara, maza da mata, har kowace gunduma ta samu nata.

Malamai da ƙungiyoyin al'adu suna da nasu rabon, kuma ba ƙarami ba ne. Muddin ana maganar makamashi da Faransanci kaɗai, a otal, tsakanin masu takardun digiri, to mai girki da manomi da mai walda, waɗanda su ne masu ƙonawa da biya, suna waje. Malamin Hausa yana iya sa ɗalibai su samo wa wat da batir da ma'aunin wuta sunaye da bayani cikin harshensu. Malamin lissafi yana iya mai da takardar NIGELEC ta gidan ɗalibi darasi. Masu wasan kwaikwayo da suka iya sa gari dariya kan auren dole da rowa suna iya sa shi dariya kan mai barin fanka tana juyawa a ɗakin da ba kowa. Ya kamata kowane ɗan makaranta a jihar nan ya san sunan Abdou Moumouni da abin da ya ƙera, kamar yadda ya san sunan Ɗan Kasawa da Ɗan Baskore.

A 1945 ambaliyar Gulbi ta rushe tsohon garin Maraɗi, mutane suka hau tudu suka sake gini inda ruwa ba zai same su ba. Ba su zauna zagin Gulbi ba, ba su kuma jira ya sauya hali ba. Duhun 2023 ambaliya ce irin tata, kuma babu wanda ya yi alkawarin ba za ta dawo ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Allah ya ba shugabanni da talakawa ikon yin tanadi tun rana tana sama.